Kunnen Doki a Mabera

Ni ke karɓar kuɗin ƙofa a gidan kallon Labbo,
don haka ban ga wasan ba, kunnena ne ya kalla.
Allo na bayana, kwalta na gabana,
ɗari biyu kowane kai,
ban da yaron da ya kutso ta ƙarƙashin langalanga.

Zafin Sakkwato bai san dare ya yi ba.
Mutum saba'in a rumfa guda,
fanka ɗaya, ita ma tana juyi kamar an yi mata dole.

Minti na sha tara, shiru ya faɗo.
Na san irin shirun nan. An zura mana.
Janareta kaɗai ya rage yana magana,
sai wani can baya da ya ce,
"Wanga gola, hannu garai ko lawashi?"

Da aka tafi hutu kowa ya zama koci.
Modi mai faci ya tsuguna,
ya zana tsari a ƙasa da tsinken tsire,
ya ce da shi ke da iko, lamba tara sai benci.
Arzika ya ce, "Kai da iska ke gagara cikin taya,
kai za ka riƙe tsakiyar hili?"

Aka dawo. Na ji turke ya hana mu sau biyu,
na ji an tsine wa alƙalin wasa har kakansa na bakwai,
na ji wani dattijo na jan salati ƙasa-ƙasa
kamar mai jinya a bakin ɗaki.

Saura minti huɗu, bugun kusurwa.
Ban san wa ya sa kai ba.
Na dai ji rufi ya ɗaga, benci ya ce ƙaras,
Hali da nake bi ɗari shida tun azumi
ya rungume ni yana kuka,
canjina ya watse cikin rairayi.
Ɗaya da ɗaya. Aka busa.

A bakin ƙofa suka rabu gida biyu:
masu cewa mun tsira, masu cewa mun zubar.
Har masu kabu-kabu suka kashe babura
suka tsaya gardama, fasinja na jira.

Da safe rediyo ta ɗauka daga inda muka ajiye.
Mai sharhi na farko ya ce an ga jarunta,
na biyu ya ce abin kunya ne,
su biyun kuwa a teburi ɗaya, da shayi iri ɗaya.
Wani ya bugo daga Illela, a kori koci yau ɗin nan.
Wani daga Tambuwal, a ƙara masa shekara biyu.
Wata Kulu daga Gwiwa ta ce
ita tambayarta, wa ya koya wa mai tsaron bayanmu gudu da baya?
Layi ya yanke kafin a ba ta amsa.

A waya kuma an yanko daƙiƙa tara
ana ta maimaitawa: hannu ne, ba hannu ba ne.
Na kalla sau goma.
Ƙwallo dai ta taɓa wani abu.

Inna na damun fura ta ce, "Wa yac ci?"
Na ce ba kowa.
Ta ce, "To mi ad dalilin kuwwar da ta hana mu kwana?"
Na buɗe baki in yi mata bayanin maki ɗaya,
ta miƙo min ludayi.

Yanzu ga ni da benci a kai, na nufi wajen kafinta.
Labbo ya ce a cire daga kuɗina,
wai ni na bari aka hau.
Hali ya wuce ni a kan keke, ya ɗaga hannu,
ya ce sai wasa na gaba.
Bai ce komai ba game da ɗari shida.