Daren Laraba a Harobanda

Rabin anfi ya cika, fanka ɗaya ke juyi.
Tanimun ya karanta waƙarsa da Faransanci,
muka tafa, don kalmomin sun sha guga.

Sai Hamsatu 'yar Galmi ta miƙe
da kaye mai tabon shayi a bango.
Layi biyu ta yi, kuran ya yanke.
Wani ya ja tsaki. Wayoyi suka kunnu,
ɗaya bayan ɗaya, kan takardarta.

Albasar babanta ce a baitin:
buhu tamanin, kwana tara kan kamiyo,
tana ruɓewa a bakin iyaka
da kuɗin rajistarta a ciki.
Wajen "tamanin" muryarta ta karye.

Ba wanda ya tafa.
Daga ƙofa, Baba Illo mai gadi
ya kashe tocila ya ce:
"Ɗiyata, albasa ba ta fara ruɓewa.
Zufa take fara yi."

Ta ari bik ɗina ta soke layin.

Ni tawa, kan kogi da farin wata,
na naɗe ta na tura aljihu.
Da ita na haye gada,
har yau ban warware ba.