Hoton Ƙashi

Ba mota ba ce, Baba.
Da mota ce, da na sami wanda zan tsine wa.
Gansakukar makewayi ce, gabanin assalatu,
buta a hannunka, silifa ya zame,
sai ƙara ɗaya, kamar an taka busasshen kara.
Kai da ka shekara arba'in kana cicciɓar buhun albasa
a Ramin Kura,
taku uku tsakanin randa da ƙofa suka kayar da kai.

Muka ce targaɗe ne.
Muka kai ka Kware wurin mai ɗori,
ya ja, ya tofa, ya shafa man shanu, ya ɗaure.
Kwana goma sha ɗaya kana ƙirga azarar ɗaki,
kana cewa, “Ku bar shi, ƙashi ya san gidanai.”

A asibiti likita ba ta fara da ƙugun ba.
Kujera ta ja, ta cire murfin biro.
Shekarunsa? Saba'in da 'yan kai.
Ciwon suga? Akwai.
Maganin fa? Na dubi ƙasa,
tun ƙaramar salla kwalin yake bisa taga.
Hawan jini. Taba.
Daga kan gado ka ce, “Na bari tun bara,”
ta dubi yatsunka biyu, ta yi shiru.
Yaushe ya faɗi?
Da na faɗa mata, sai biron ya tsaya.

Ta ja fatar idonka ƙasa, fari fat kamar kindirmo.
Leda biyu na jini: ɗaya daga Modi,
ɗaya daga wani tela da bai san sunanka ba.
A bakin ƙofa ta ce mini,
“Ƙashi ba ya karyewa shi kaɗai.
Duk wanda ke bin jiki bashi, ranar yake zuwa karɓa.”

A gadon kusa akwai Ladan ɗan kabu-kabu,
shekara ashirin da biyu, ƙwauri ya tsinke gida uku,
ƙarafa a waje kamar tsani.
Shi muke wa sannu da hawaye.
Namu ai layi ɗaya ne a hoto.

Aiki ya yi kyau. Haka suka ce, kuma gaskiya ne.

Nas ta ce a juya ka duk bayan awa biyu,
a zaunar da kai, a sa ka yi tari, ka motsa yatsun ƙafa.
Amma yaya ɗiya za ta juya ubanta?
Na miƙa hannu, ka riƙe bakin zane,
“Hassi, bari Modi shi taho.”
Modi yana kasuwa yana neman kuɗin allura.
Na zauna ina yi maka fifita da kwalin magani,
kunyarka da tawa suna gadin gado ɗaya,
bayanka yana nuna a hankali kamar tumatir a kwando.

Sha-raɓarka ta kumbura, ta yi zafi.
Na gani. Na rufe ta da zane don kada ƙuda.

Dare na shida ka nemi ruwa,
numfashinka gajere kamar ka yi tsere da wani.
Kafin in dawo da moɗa an kewaye ka da labule.
Gudan jini, suka ce, bai kai ƙwayar dabino ba,
ya taso daga ƙafar da ba ta tafiya,
ya yi tafiyarsa har huhu.

Ladan ya zo ta'aziyya bisa sanduna biyu.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban yi musu ba.
Amma hoton yana nan cikin ambulan ƙarƙashin katifa.
Wani lokaci nakan ɗaga shi a hasken taga:
ƙarfe zaune daram, kusoshi a jere,
babu abin da za a gyara.

Jiya na kira birkila ya kankare daɓen makewayi,
ya kafa bututu a bango inda hannu zai kama.
Inna ta ce ɓarnar kuɗi ce.
Na ƙirga mata ƙwayoyinta a tafin hannu,
na tsaya har ta haɗiye.