Gilashin da Bai San Babana Ba

A masana'antar Bac Ninh, layi na bakwai,
aikina taɓawa ne.
Tun shida na safe har fitilun titi su kama
ina jan yatsa a kan gilashin waya,
kusurwa zuwa kusurwa, sai tsakiya, sai in ɗan danna.
In ɗigon kore ya biyo ni kamar ɗan tsako bayan uwa,
in ajiye shi dama.
In ya yi gardama, hagu.

Injiniya Khuyen ta ce mana ran farko
akwai saƙa a ƙarƙashin gilashin,
zare a tsaye, zare a kwance, ido ba ya ganinsu,
kowace mahaɗa riƙe da ɗan lantarki
kamar raɓa a bakin ganye.
Yatsa ya zo ya ɗebi kaɗan,
na'ura ta ƙirga inda aka yi mata ragi,
ta ce: nan ne.
In ka danna, tsokar yatsa ta baje, ragin ya faɗaɗa,
ta ce: wannan da nauyi ya zo.
Na ce a raina, ashe
da abin da ka rage mata take saninka.

Da albashin wata na huɗu na sayi guda
na kai wa babana a Phu Lang, bakin kogin Cau,
inda ya shekara hamsin da ɗaya yana ginin tuluna.
Na sa masa muryar innarmu a ciki,
daƙiƙa goma sha tara,
tana faɗa an bar ƙofar tanderu a buɗe.
Iyakar abin da ya rage mana na muryarta ke nan.

Ya goge hannu a wando. Ya taɓa.
Shiru.
Ya sake, ya danna har farcen ya yi fari.
Gilashi ya yi kunnen uwar shegu da shi.

Na kama yatsan na duba.
Kanta ta yi masa sulke, yumɓu ya tsotse danshinsa,
zanen fatar ma ya shafe
kamar bakin matakalar da ta sha taku.
Ba ta inda lantarki zai bi ya gaishe shi.

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Ya ce: Lua, yumɓu bai taɓa tambayata ko ni wane ne ba.
In na matsa ya sani, in na sassauta ya sani,
ranar da raina ke ɓace ma
wuyan tulu a karkace yake fitowa.
Je ki kifa kowane tulu a gidajen garin nan,
babban yatsana na nan a gindinsa, wuta ta gasa shi.
Naki gilashin, wa yake tunawa?

Ban tanka ba.
Ni mai taɓa dubu biyu a yini,
wata yarinya na bayana da farin ƙyalle
tana share duk inda na bi.

Ruwa ya fara dukan kwanon rufi.
Shayinsa ya huce a ɗan ƙaramin kofi.
Sai ya tsoma yatsan a ciki,
ya yarfe ɗigon,
yadda yake yi in zai gyara leɓen tulu,
ya ɗora a hankali, ba dannawa.

Innarmu ta ce: Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?

Ya ce: Ni ne.

Ta ci gaba da faɗanta, daƙiƙa goma sha tara,
ga zakaran maƙwabta a bayan muryar,
wanda aka yanka tun bara waccan.
Da ta gama ya sake tsoma yatsa.

Motar ma'aikata huɗu na asuba take tashi.
Na ɗauki jakata a duhu, ina lallaɓa ƙofa kar ta yi ƙara.
Ɗan haske na fitowa ta ƙasan labulensa.
Kofin ya kusa zuwa rabi,
ko kurɓa bai yi ba.