Wutsiyar Ayari

Sau uku ina sayen takalmin gudu.
Na farko ɓera ya haihu a ciki,
na biyu ƙanen matata ya tafi da shi bautar ƙasa,
na uku yana ƙarƙashin gado yana harara ta,
ni kuwa na yi kamar ban gan shi ba.

Likita ta naɗe min dantse da robar awo,
ta dubi lamba, ta dubi tumbina,
ta ce, "Malam Sagiru, jininka ya riga ka fara gudu."
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Tasi'u mai gyaran janareta ne ya buga min ƙofa.
Babu wa'azi, babu lallashi,
ana sallame sallah ya tsaya a soro
yana tsalle kamar wanda ya taka garwashi:
"Fito, attajirin barci, gari ba ya jira!"
Na fito don kunya, ba don lafiya ba.

A bakin filin wasa na Ƙofar Mata muka same su,
mutum goma sha bakwai da wani kare marar ubangida.
Obinna na Sabon Gari da agogonsa mai ƙirga bugun zuciya,
Zulaihat malamar lissafi, hijabi ruwan lemo,
tana ɗaure igiyar takalmi kamar akuyar da za a kai kasuwa,
'yan biyun Fagge da gardamar ƙwallo a baki,
sai Baba Ɗanjuma, tsohon ma'aikacin reluwe,
sittin da tara, gwiwa cikin bandeji,
wanda bai taɓa wuce kowa ba.

A hawan gadar Ƙofar Nassarawa
ƙirjina ya zama zugazugin maƙeri,
ƙafafuna turame biyu, yawu ya yi ɗaci.
Ayari ya yi nisa.
Mai adaidaita sahu ya rage tafiya:
"Alhaji, hau mana, ɗari biyu ce!"
Har na ɗaga hannu, sai na ji taku a bayana.
Baba ya ce, "Sauke hannun. Kana gabana fa.
A ƙungiyar nan wutsiya tawa ce,
ban ba kowa aronta ba."

Haka muka ci damina, muna tsallake kwatami,
muka ci azumi, muna fita bayan asham.
Ran Asabar matakalar Dala,
mu hau muna nishi, mu tsaya a kai
mu ga birni yana kashe fitilunsa ɗaya bayan ɗaya.
Daga nan teburin Lawandi mai shayi,
kowa ya ajiye ɗari biyar,
wanda ya makara shi ke sayen ƙwai.

Kada in yi ƙarya:
har yau akwai asubar da katifa ke da hannu goma.
Sai in tuna za a ƙirga,
za a ce sha bakwai, ina na sha takwas?
Ba son gudu ke tashe ni kullum ba,
gurbin nan ne da ban so a gani babu kowa.

Watan jiya gwiwar Baba ta ce ya isa.
Ranar kuma wani sabo ya zo, Mudassir,
takalmi fari fat, har da takardar kuɗi a jiki.
A gadar nan dai na waiwaya
na gan shi ya dafa ƙarfe, yana kallon adaidaita.
Ƙafata tana son gaba, yanzu ta iya.
Na ja ta baya.
Na ce, "Sauke hannun. Kana gabana fa."

Mun iso shayi ya huce.
Baba na kan benci, sanda a tsakanin ƙafafu,
ya ƙirga mu da haɓa, har da karen,
ya tura min kofinsa, ya ce,
"Wutsiyar nan aro ce, Sagiru.
Ban bar maka ba."