Kalma Ɗaya, Ƙofa Biyu

Daren jiya a Rafindadi wuta ta ɗauke,
na haska fitilar waya a kan takardar aiki.
Kalma ɗaya ta Turanci, mai nufin dukiya da mallaka,
ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi,
ga shi sai na kai ta Jamusanci kafin Laraba.

Ƙamus ya buɗe mini ƙofa biyu.
Ta farko Besitz, abin da ke hannunka.
Ta biyu Eigentum, abin da doka ta ce naka ne
ko da yana hannun wani.

To, ta wace ƙofa zan shigar da gonarmu ta Batagarawa?
Shekara talatin Ɗanjuma yana noma ta aro,
duk kaka sai ya aiko dami biyu na gero
don kada mu manta,
don kada shi ma ya manta.
Tsamiyar tsakiyarta kuwa ta Gwaggo Tasalla ce.
Ƙasa tamu, 'ya'ya nata,
inuwa ta duk wanda rana ta koro.

Akuyar da Inna ta ba Lantana kiwo fa?

Da asuba na tambayi Baba.
Ya shafa wuyan rigarsa, ya ce,
wannan ma ta yayana ce, marigayi,
kuma na san wanda ke auna ta da ido.

Na koma kan takarda.
Na rubuta Besitz da fensir,
ban danna sosai ba.