Saura Kwana Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe uku na dare yake zuwa,
ba sallama, ba ƙwanƙwasa ƙofa.
Sai in tsinci kaina a zaune,
bayana jingine da bango,
ɗan kyanwa na kuka a cikin ƙirjina,
ni da ban taɓa kiwon kyanwa ba.

Laminu ya haska tocila, ya kashe.
Yana ƙirga numfashina a duhu,
a zatonsa ban sani ba.

Shekara arba'in da uku ina shan iska kyauta,
ban taɓa ce mata na gode ba.
Yanzu sai da ciniki.
In na ja, ta ba ni rabin mudu,
in na saki, ta toge a bakin ƙofa
kamar mai bin bashi.

A lopital Dokta Ma'azu ya ɗora ƙarfensa mai sanyi a bayana,
ja, saki, ƙara ja.
An auna kaki, ba tarin fuka ba ne.
Ya ɗaga hoton ƙirjina ta wajen taga,
na ga haƙarƙarina jere kamar itacen rumfa.
Ya ce, ina zaton asma ce,
amma ba a raɗa wa ciwo suna da zato,
sai kin busa wata na'ura,
mai ita kuwa yana Yamai, sai ashirin ga wata.
Ya rubuta mini 'yar shuɗiyar roba ta shaƙa,
jikka uku a farmasi.

Sannan ya tambayi sana'ata.
Na ce turaren wuta.
Ya ajiye biro.

Hawi, gajiji, farce, sukari a kasko,
hannun uwata ne a cikin nawa.
Daga Birni har Zango
akwai ɗakunan da in ka ɗaga labule ni za ka shaƙa.
Kuɗin lakkol ɗin Barira daga hayaƙi ya fito,
langa-langar da ke kanmu ma haka.
To yanzu wa zan kai ƙara?

Gwaggo Tsahara ta zo dubiya, ta ce iska ce.
Na ce, Gwaggo, da iska ce ta shige ni
ai da na yi mata shimfiɗa,
rashinta nake kuka.
Muka yi dariya, dariyar ta koma tari,
ta fita da sauri neman ruwan zafi.

Maƙwabciyata ta ware mini moɗa.
Na gani, na sha, ban ce komai ba.

Matashi uku nake kwana a kai.
Tantabarun tsakar gida mun ba ƙanen Laminu.
Barira ta yago takarda daga kayenta
tana rubuta wa likita:
Lahadi, sau biyu. Litinin, lafiya.
Talata, bayan shara.
Hanyar Kasuwar Dole da nake yi da tallan kwalabe a ka
yanzu zango uku ce,
na san dutsen da ya fi inuwa,
na san mai shayin da ba ya tambaya.

Robar tana ƙulle a bakin zanena
inda da nake ƙulle canji.

Jiya aka aiko neman turaren biki.
Na zauna can nesa, wajen randa,
Barira ta ɗora kasko a zaure,
ina faɗa, tana zubawa.
Wani siririn hayaƙi ya tsallako katanga ya same ni.
Na toshe hanci da mayafi,
amma na riga na ji.

Na ce, 'yar nan, sukarin ya yi yawa.
Rage wuta.