Murfin Tukunya

Na baro Baga ne don ruwa ya guje mu.
Tafki ya ja da baya kamar wanda ya hango mai binsa bashi,
ya bar kwale-kwalen babana a kife kan busasshiyar laka,
awaki na ƙailula a inuwarsa.
Na ce bari in tafi inda ruwa ba ya ƙarewa.

Shekarata goma sha tara a Legas.
Ruwan da na zo nema, shi ke nemana yanzu.

Sana'ata gyaran janareta, bakin titi a Ajegunle.
Tafina baƙi, farcena baƙi,
in na yi kaki, shi ma baƙi.
Da an ɗauke wuta sai unguwa ta kama tari,
kowane shago da ɗan dodonsa yana gurnani,
ni kuwa ranar nake cin nama.
Ban taɓa tambayar inda hayaƙin ke kwana ba.
Sama ai faɗi gare ta.

Kubura ce, autata, ta dawo makaranta
ta iske uwarta na dafa wake.
Ta ɗora murfi, ta ce, Baba saurara:
ba a ƙara wuta ba, amma ji yadda yake ɓararraka.
Malaminmu ya ce hayaƙin danfo, na masana'antu, na injinanka,
shi ya taru a sama ya zama murfi.
Rana ta shigo, zafinta ya rasa ƙofar fita.
Ƙanƙara na narkewa a ƙasar da ba mu san sunanta ba,
teku ya sha ya ƙoshi, ya zo yana amai a ƙofarmu.

Na ce ke, da wannan hayaƙin nake biyan kuɗin makarantar.
Ta yi dariya.
Ni ban yi ba.

Ran Lahadi na kai wa Tsalha maigadi injinsa can bayan Lekki.
Wani tsoho, Baba Rasaki, ya ja ni bakin gaɓa,
yana nuna mini garinsu da sanda:
nan itatuwan kwakwa, nan hanya,
nan rumfar da na yi aure,
can kabarin mahaifiyata.
Duk inda sandar ta nuna, igiyar ruwa ce.
Na tuna babana yana nuna mini tafki
a filin da babu ko ɗigo.
Tsofaffi biyu, sanda ɗaya.

Dare ya yi, kwano na mayar da ranar da ya haɗiya.
Muna juyi kan tabarma kamar masa a tanda.
Damina kuma ba ta sallama:
takalmana na yawo a ɗaki,
katifa kan benci, Kubura kan katifa, rungume da littattafanta.

Na sani ba ni na ƙera murfin ba.
Akwai masu bututun da ya fi hasumiya,
hayaƙina kusa da nasu cokali ne a rijiya.
Su suna da bene, suna da jirgi.
Mu ne waken.

Yau da safe Iya Sikira ta kawo nata,
firjinta ya mutu, kifinta zai lalace.
Me zan ce mata?
Na wanke fulogi, na hura, na ja igiya.
Ya tashi.
Ta yi godiya, ta ƙirga kuɗi a tafina,
ni kuwa idona na sama,
ina bin hayaƙin da kallo
har ya wuce wayoyin lantarki.